Zane Biyu: na Ɗauri da na Bango

Hausa ta haɗa abu biyu a kalma guda. Zane shi ne abin da mace ke ɗaurawa, shi ne kuma abin da mai fenti ke shimfiɗawa a allo. A kudancin Kogin Kaduna, na ɗaurin ne ya riga zuwa.

A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Akoko ta fi saƙawa, marar rini. Launi ya kankama ne da zuwan masaƙar UNTL, wadda attajirin Hon Kon Cha Chi Ming ya kafa a 1964. Kafin turmin atamfa ya isa kasuwa, sai wani ya zauna da takarda da buroshi ya fitar da fasalinsa: da'ira cikin da'ira, shuɗi ya ratsa ruwan ɗorawa, ja ya yi tsalle a gefe. Ba a buga sunan mai zanen a bakin yadi. Matan unguwannin Makera da Nasarawa kuwa ba su taɓa cewa sai an fassara musu ba. In ya yi kyau a saya, a raɗa masa suna, a fita biki.

A daidai lokacin, a wata makaranta can Zariya, ɗaliban zanen fenti irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna neman a daina haddar salon Turawa. Daga wannan makaranta, wadda ta koma Jami'ar Ahmadu Bello, Gani Odutokun ya fito. Shi ne mai tsinka fentin mai ya kwarara shi a kan kyalle, ya bar launi ya nemi hanyarsa. Hatsarin mota ya yi ajalinsa a 1995.

Ɗalibinsa Jerry Buhari, haifaffen Akwaya a yankin Kachia a 1959, ya ɗore a wannan turba har ya zama farfesa. Hotunansa ba sa kwaikwayon fuska ko gida. Ɗigo ne da malala da tabo, yana maganar gurɓatar ƙasa da halin da jama'a ke ciki. Akan ji masu kallo na cewa wannan ai abin Turawa ne. Da wuya maganar ta tsaya, a ƙasar da dagi ke jikin soro, aska takwas ke ƙirjin babbar riga.

KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Jiniyar canjin aiki ta yi shiru a Kakuri, atamfar da ke cika rumfuna yanzu yawancinta daga Sin ake kawo ta, wasu ma da fasalin da aka kwafa daga na gida.