Abin da Hoton Tsohuwar Mota Ba Ya Faɗa

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar da idan sun tafi hutu wata ƙasa, babban abin da suke nema shi ne tsofaffin motoci. Wasu su nufi Habana ta ƙasar Kyuba don Chevrolet da Buick na shekarun 1950, wasu Maroko don tsofaffin Mercedes na haya, su ɗauki hoto su koma gida. Gundumomin Gidan Rumji, Agiye da Gazawa na jihar Maraɗi ba su taɓa zama wuraren yawon buɗe ido ba, balle yanzu da matsalar tsaro ta rage baƙi a Nijar. Amma irin motocin da waɗancan mutane ke kashe kuɗin jirgi don su gani, ga su nan ranar kasuwa a Tsibiri ko Cadawa, an labta musu buhunan aya da wake. Motocin nan sun cancanci a ɗauke su hoto, domin su ne shaidar tarihin arzikin yankin da ta fi kowace yawa, tana kuma ƙarewa. Sai dai hoton baƙo mai wucewa fenti da tsatsa kawai yake kamawa, tarihin kuwa yana wurin direba da bakanike.

Mota da kyamarar fim kusan tare suka shigo ƙasar nan. A watan Oktoba 1924 kamfanin Citroën ya taso da motoci takwas masu sarƙa a maimakon tayoyin baya daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka ratsa Sahara, suka biyo ta Yamai, suka miƙe gabas ta Tasawa da Damagaram zuwa tafkin Cadi. Cikin ayarin akwai mai shirya fim Léon Poirier da mai zane Alexandre Iacovleff, an kuma ɗauki fadar Sarki Barmu na Tasawa a fim ɗin da aka nuna a Paris a 1926. A wancan zamani motar ce abin alfahari, mutanen ƙasa kuwa su ne abin kallo. Yau motar ce ta zama abin kallon, amma ɗabi'ar ba ta sake ba: mai hoto ya zo, ya ɗauki abin da ya ba shi mamaki, ya wuce ba tare da ya tambayi sunan kowa ba.

Abin da ya zaunar da mota a yankin shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya reshe ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai gyaɗar ƙasar Maraɗi da Tasawa ta sami hanyar teku. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe wuraren awo, raƙuma da jakuna na kawo kaya daga ƙauyuka, manyan motoci na kwashewa zuwa tashar jirgi. A 1953 Faransawa suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle, don karkatar da gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano maimakon Najeriya, tafiyar da ta fi tsawo, ta kuma buƙaci ƙarin motoci da direbobi. Bayan 'yancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 ya riƙe cinikin. Masanin Faransa Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda yawancinsu suka fara a matsayin masu sayen gyaɗa wa kamfanoni, sannan suka zuba riba a sufuri. Garuruwan da ke jere a kan babbar hanya ta ɗaya, daga Gidan Rumji da Tsibiri a yamma zuwa Cadawa, Agiye da Gazawa a gabas, sun girma ne a inda mota ke tsayawa ta yi lodi. Fari na 1973 da 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan kasuwa, motocin kuwa ba su tsaya ba, sai suka koma ɗaukar wake, aya, dabbobi da fasinja.

Peugeot 404 da 504, waɗanda masu farautar hoto suka fi so, ta ƙofa biyu suka shigo, kowace da labarinta. Ta kudu, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilu 1972, daidai da Nijar, kuma a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, lokacin da kuɗin man fetur ke gudana. An daina ƙera 504 ta fasinja a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan nan, shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano da Katsina, suna tsallakowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Ta arewa kuwa, a shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun riƙa sayen tsofaffin Peugeot da arha, su ƙetare da su zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset, Assamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar su sayi tikitin komawa da kuɗin. Ashe wani kaso na motocin da 'yan yawon buɗe ido ke mamakin gani, 'yan yawon buɗe ido ne na zamanin iyayensu suka kawo su. Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen Abzinawa a farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya.

Daga nan kasuwa ta koma teku. Motocin hannu suka riƙa sauka a Kwatano da Lome, a jero su ta Gaya da Dosso da Ƙonni, su ratsa Gidan Rumji zuwa Maraɗi, da yawansu kan hanyarsu ta shiga Najeriya. Karyar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin kusan kowa. Toyota Hiace ta karɓe jigilar fasinja a kan kwalta, Peugeot ta ja baya zuwa hanyoyin rairayi na ƙauyuka. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi daga Janairu 2017, da rufe iyaka a Agusta 2019, kowanne ya bar alamarsa a tashoshin yankin. Wanda ya san wannan jeri, in ya tsaya a tashar Gazawa, zai iya nuna wace mota ce ta zamanin Kaduna, wace ce ta ratso Sahara, wace ce 'yar Kwatano.

Masu tara tsofaffin motoci a Turai za su ce waɗannan ba su da darajar tarihi, tunda babu abin da ya saura na asali a jikinsu. A Faransa motar da ta haura shekara 30 tana iya samun takardar motar ajiya, amma ana so ta zauna yadda ta fito daga masana'anta. Da wannan ma'auni a-kori-kurar kasuwar Cadawa ta faɗi. An ƙara mata ganyen sifirin a baya don ta ɗauki ninkin abin da aka ƙera ta dominsa, mai walda ya ɗora mata keji na ƙarfe, tankin mai ya huje an maye shi da jarka da siririn tiyo zuwa kafireto, ƙofar direba sakatar ɗaki ke riƙe ta, yaron mota na tafe da guntun icce da zai danna ƙarƙashin taya in an tsaya a gangare. To ai gyare-gyaren nan su ne tarihin. Motar da ke kulle a gareji a Lyon labarin injiniyan da ya zana ta kaɗai take bayarwa. Wannan kuwa tana faɗin nauyin buhun aya, da zurfin rairayin hanya, da shekarun da man ruwa-ruwa na Najeriya ya fi na gidan mai arha, da ƙwarewar bakaniken da bai shiga makarantar koyon sana'a ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma gaskiya ce a cikinta. Waɗannan motoci suna kashe mutane. Birki ya tsinke, taya ta fashe, lodi ya rinjayi mota da fasinjoji a saman kaya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, da yawansu ba za su ci gwajin lafiya a ƙasashen da suka fito ba. Matar da ke kan buhu daga ƙauye zuwa asibitin Agiye ba don ƙaunar tarihi ta hau ba. Duk wanda ya mayar da wannan hali abin ƙawa a hoto ya ci amanar mutanen da ke ciki. Amma wannan hujja tana neman a sauke motocin daga hanya ne, ba ta ce a mance da su ba. Hasali ma ita ce ke nuna lokaci ya ƙure, domin motar da ta daina aiki a nan ba ta daɗewa: a cire injin ya koma niƙa, gatari da tayoyi su koma amalanke, sauran 'yan gwangwan su auna a kilo.

Aikin da ya kamata a yi ba mai tsada ba ne, ba kuma sai an jira baƙo ba. Wayar hannu ta isa, muddin kowane hoto zai zo da lambar shasi, da sunan garin da motar ke lodi, da bayanin direba kan hannun wa ta fito, wane inji ke cikinta yanzu, wa ya ɗora shi. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshi sun san tsofaffin da suka yi jigilar gyaɗa zuwa Paraku, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma za su iya naɗar muryoyinsu. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya gina rumfa ta musamman don busasshiyar bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta buge a 1973. Cibiyar da ta iya wannan za ta iya samun fili ga 404 ɗaya daga Gidan Rumji, a ajiye ta da jarkarta da kejinta, ba tare da an sake mata fenti ba.