Yammacin Sahara: Rikicin da Ganuwa ta Rufe wa Baki

Duk wanda ya saba sauraren labaran duniya a rediyo ya san cewa ba kowane rikici ne ke samun shiga ba. Wanda ake jin ƙarar bindigarsa kullum shi ake sa wa gaba, wanda kuwa ya daɗe ya yi sanyi sai a manta da shi, ko da ba a warware shi ba. Rikicin Yammacin Sahara yana cikin kashi na biyu, alhali shekaru 50 ke nan ana kansa.

Yankin yana gaɓar tekun Atlantika, tsakanin Maroko da Muritaniya. Sifaniya ce ta fara mulkarsa a 1884. A watan Mayun 1973 wasu samarin Sahrawi suka kafa ƙungiyar Polisario domin korar Turawan. Da Sifaniya ta nuna alamar tafiya, sai Maroko da Muritaniya kowacce ta ce ƙasar tata ce tun asali. A ranar 16 ga Oktoban 1975 Kotun Duniya ta ba da ra'ayinta: akwai tsohuwar alaƙar mubaya'a tsakanin wasu ƙabilun yankin da sarkin Maroko, amma ba ta kai ta hana mutanen zaɓar wa kansu makoma ba. Sarki Hassan na Biyu ya riƙe rabin farko na maganar, ya saki na biyu. Ranar 6 ga Nuwamba ya tura fararen hula kimanin 350,000 suka tsallaka iyaka, abin da ake kira Koren Tattaki. Bayan kwana takwas, Janar Franco na kwance rai hannun Allah, aka sa hannu a Madrid kan miƙa yankin ga ƙasashen biyu, ba tare da an tambayi masu ƙasa ba.

Yaƙi ya ɓarke. Dubban mutane suka gudu zuwa hamadar Tinduf a Aljeriya, Polisario kuma ta yi shelar jamhuriyarta a 27 ga Fabrairun 1976. Muritaniya ta gaji, ta janye a 1979, Maroko ta haɗiye rabonta.

A nan ne tarihin ya juya. Mayaƙan Polisario sun san sahara, sukan kai hari da ƙananan motoci su ɓace. Don haka daga 1980 zuwa 1987 Maroko ta gina ganuwar yashi da duwatsu mai tsawon kusan kilomita 2,700, ta binne nakiyoyi a gabanta, ta jera sojoji a kanta. Wanda ya san ganuwar Kano ko ta Damagaram ya san amfaninta, sai dai wannan ba gari ta kewaye ba, ƙasa ta tsaga biyu. Bayanta aka kulle garuruwan El-Ayun da Dakhla, da ma'adinan fosfat na Bukra'a da ake yin takin zamani da su, da gaɓar teku mai yawan kifi. Wajenta kuwa fili ne fetal. Ganuwar ba ta kawo sulhu ba, ta dai rage yawan gawawwaki, kuma da gawawwaki suka ragu sai ƴan jarida suka kama gabansu.

Afirka ta ɗan riƙe maganar. A Nuwamban 1984 Nijeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi, kuma a wannan watan ne Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka saboda an ba wakilan Sahrawi kujera. Ba ta dawo ba sai a 2017, ta tarar da su suna nan zaune.

A Satumban 1991 aka tsagaita wuta bisa alƙawarin ƙuri'ar raba-gardama, a shekarar ne kuma aka kafa tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna MINURSO don ta shirya ta. Sai gardama ta koma kan wa zai jefa ƙuri'ar. Polisario ta kafe kan ƙidayar da Sifaniya ta yi a 1974, wadda ta sami mutum wajen 74,000. Maroko ta nemi a ƙara wasu dubbai da ta ce ƴan asalin yankin ne. An shekara da shekaru ana tantance sunaye, James Baker na Amurka ya kawo shawarwarinsa, ya ajiye aiki a 2004, ƙuri'a ba a yi ta ba. Jinkirin bai cuci ɓangarorin daidai ba, don mai riƙe da ƙasa yana gina hanyoyi da tashoshin jiragen ruwa, yana kawo baƙi, na sansani kuwa yana haihuwar ƴaƴa da jikoki a kan abincin agaji.

A Nuwamban 2020 tsagaita wutar ta rushe a mashigar Gargarat, amma labarin annobar korona da zaɓen Amurka suka danne shi. Wata guda bayan haka Donald Trump ya amince da ikon Maroko a kan yankin, ita kuma ta maido da hulɗa da Isra'ila. Sifaniya a 2022 da Faransa a 2024 suka goyi bayan shirin cin gashin kai a ƙarƙashin Maroko, wanda ta gabatar tun 2007. A ƙarshen Oktoban 2025 Kwamitin Sulhu ya ɗauki wannan shiri a matsayin tushen tattaunawa.

Mai bin irin wannan rikici, musamman ɗalibin harshe, sai ya sa kunne ga kalmomi. Maroko tana cewa "lardunan kudu", Polisario tana cewa "yankunan da aka mamaye", Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun 1963 ta sa yankin cikin jerin ƙasashen da ba su sami mulkin kai ba. Mai fassara labari zuwa Hausa da ya ce "ƴan tawaye", da wanda ya ce "masu fafutukar ƴanci", kowannensu ya riga ya yanke wa mai saurare hukunci kafin ya gama karanta jimlar farko.