Toda da hanyar sulhu

Jama'a masu saurare, 'yan yaƙi da jahilci na Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ku kasa kunne.

Cikin watan Oktoba na 1991, manya suna babban taron ƙasa a Yamai, sai mugun labari ya zo daga Toda, ƙasar Gidan Rumji. Rigima ta tashi tsakanin manoma da makiyaya. Aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Mutanen da ke cin kasuwa ɗaya, ana musayar nono da hatsi!

Wanda ya mutu ba ya dawowa, amma an nemi toshe ƙofar fitina. Ran 2 ga Maris 1993 gwamnati ta fito da dokar karkara. Dokar ta ba makiyayi hakkin kai garkensa ga ruwa da ciyawa. Aka naɗa kwamitocin filaye, aka bi burtali ana kafa alamun siminti.

Yau in shanu sun shiga gonarka, ba kotu za ka fara zuwa ba. Mai gari da ardo su tara ku, a duba ɓarna, a yanke diyya, a rubuta takardar sulhu. Kai da ka iya karatu, karanta ta kafin ka sa hannu.