Nijmegen, Inda Ake Auna Saurin Gane Kalma

Daga Jamus kuɗin ya fito, amma a Holan aka kafa gidan. A 1977 ƙungiyar Max Planck, mai ɗaukar nauyin manyan cibiyoyin bincike na Jamus, ta ba Willem Levelt damar tara 'yan masana a birnin Nijmegen, dab da iyakar ƙasashen biyu. Na gwaji aka fara. Da aka ga abin ya kankama, a 1980 aka mai da shi cikakkiyar cibiyar nazarin harshe da ƙwaƙwalwa, Wolfgang Klein ya zama darakta tare da Levelt.

Tambayar da ta hana su barci ita ce: yaya mutum yake gane kalma tun ba a gama furta ta ba? William Marslen-Wilson, wanda shi ma ya riƙe muƙamin darakta a shekarun 1980, ya nuna cewa sautukan farko ne ke tayar da duk kalmomin da suka fara da su, sannan a yi ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Bajamushe ya ji "Kapit", to Kapitän da Kapital duk sun miƙe, sai sauti na gaba ya raba gardama. A ɗakin gwaji kuwa, a zaunar da mutum gaban kwamfuta, haruffa su bayyana, ya danna maɓalli idan kalma ce ta gaske. Abin bai cika kai daƙiƙa guda ba.

Sai dai a ganina aikin da ya fi cancantar yabo shi ne wanda ba ya tashe. Kalmar da ake yawan ji ta fi saurin ganewa, don haka kowane gwaji yana buƙatar sanin yawan amfani da kowace kalma. A 1986 cibiyar ta haɗa kai da jami'ar garin da cibiyoyi a Leiden da Eindhoven aka kafa rumbun CELEX na Jamusanci, Turanci da harshen Holan. Ɓangaren Jamusanci ya ƙunshi kalmomi sama da 50,000, kowace da gaɓoɓinta da furucinta, an ƙirga yawansu daga rubuce-rubucen da Cibiyar Harshen Jamusanci ta Mannheim ta tara. Da ya fito a faifai a 1993, masu bincike na jami'o'i daban-daban suka samu mudu guda na awo.

A shekarar ce Anne Cutler ta zo ta jagoranci sashen fahimtar magana, a 2010 kuma aka buɗe sashen harshe da ƙwayoyin gado ƙarƙashin Simon Fisher.