Dunƙulen Naman Suwidin: Abincin Aro da Ya Zama Na Gida

A watan Afrilu na 2018, shafin hukuma na ƙasar Suwidin a Twitter ya sanar da cewa shahararren dunƙulen naman da duniya ta san Suwidawa da shi, daga Turkiyya sarkinsu Charles na 12 ya kawo shi. Wannan sarki ya sha kashi a hannun Rasha a yaƙin Poltava a 1709, ya gudu ya fake a garin Bender, ƙarƙashin mulkin Turkawa, bai sake taka ƙasarsa ba sai a 1715. Masana tarihin abinci da dama sun musanta labarin, suna cewa babu rubutacciyar shaida. Amma su ma ba su ce Suwidin ce ta ƙago abin ba, domin tun kafin girkin ya bayyana a littafin girke-girken Suwidawa na Cajsa Warg na 1755, ana daka nama a dunƙula shi a Farisa da ƙasashen Larabawa. Ko da sarki ko ba sarki, aro ne ya zauna har ya zama ɗan gida.

Wannan tarihi ya shafi uwargida a Madarunfa ta yankin Maraɗi da ta ga girkin a waya tana shakkar gwadawa. Abin da Suwidawa suka yi shi ne suka sa wa baƙon abinci kayan ƙasarsu. Ana jiƙa burodi a madara, a cuɗa da niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, a mulmula ƙanana, a soya da man shanu, sannan a zuba gari da romo da madara mai kauri a cikin kaskon, miya ta haɗu. Jiƙaƙƙen burodin nan yana tausasa naman, yana kuma sa kaɗan ya wadaci iyali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari kasuwar Madarunfa ko ta Ɗan Isa: ga jar akuyar Maraɗi, ga man shanu da madara a hannun matan Fulani, ga turmin da aka saba daka dambun nama a ciki.

Wani zai ce ai Suwidawa suna gauraya naman alade, don haka girkin bai dace da Musulmi ba. Amsar ita ce Turkawan da ake dangantawa da asalinsa da rago da sa suke yin nasu. Wani kuma zai ce rungumar abincin Turawa zai kashe namu. Sai a tambaye shi daga ina gyaɗa ta zo. Ita da barkono da tumatir da masara duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan tafiyar Columbus ta 1492. Amma gyaɗar nan ce ta raya kasuwancin Maraɗi a zamanin mulkin Faransa, kuma ƙuli-ƙulinta ne ke ba tsire da kilishi ɗanɗanonsu. Ba wanda ke kiran kilishi baƙo.

Haɗarin da ya kamata a guda shi ne kwaikwayo ido rufe, wato a dage sai an sayo madarar gwangwani da kayan ƙamshi masu tsada alhali ga masoro da citta da kanumfari a gida. Kamfanin IKEA ya yaɗa wannan abinci a duniya ta shagunansa, amma a ɗakin girkin iyali aka raine shi. Uwargidan da ta dafa shi da naman akuya, ta ɗora a kan shinkafa ko tuwo, ba ta saki al'adarta ba. Ta yi abin da kakanninmu suka yi da gyaɗa ne.