Wudil, Garin Bakin Kogi

Wudil hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Kano, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano. Wanda ya tashi daga Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya hau titin Maiduguri, ya wuce Mariri, gadar Wudil ce za ta tare shi.

Ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadar haɗin kogin Kano ne da na Challawa, wanda ke gangarawa Haɗeja. Madatsun Tiga da Challawa ne ke daidaita kwararsa. Da shi garin ke rayuwa. Masunta na jefa birgi daga kwalekwale, manoman rani na shuka kayan miya a fadama, masu tifa kuma na kwasar yashi su kai birni.

A tarihin masarautar Kano, Wudil ƙasar Makama ce, daga zuriyar Joɓawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki.

Ranar Juma'a kasuwa ke ci, kuma karar shanunta ta yi suna har Kudu, inda ake kai dabbobi a manyan motoci. Garin na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta fara aiki a 2001, da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda.