Ɗakin duhu: daga ƙwan NEPA zuwa fitilar LED

Kafin waya ta zama kyamara, duk hoton da ka gani rataye a zaure a Daura, na hawan Magajiya ne ko na Sallar Gani ko na bakin rijiyar Kusugu, sai da ya bi ta hannun mai wanke hoto. Na baƙi da fari kuwa a ɗakin duhu ake haifar sa, inda babu haske sai wata 'yar jar fitila, domin takardar hoto ba ta jin jan haske.

Uwar kayan ɗakin ita ce na'urar faɗaɗa hoto. Ƙwai ne a sama, mai ƙarfin wat 75 ko 150, yana haska nagetif, hoton ya bi ta gilashi ya sauka kan takardar Kodak ko Agfa ko Ilford. Sirrin aikin duk yana cikin daƙiƙoƙi. Ka ƙara kaɗan, fuskar amarya ta yi baƙi ƙirin. Ka rage, ta fito fari fat kamar fatalwa. Mai hali yana da agogon da ke kashe ƙwan da kansa, mara hali kuwa da baki yake ƙirgawa.

To, a nan NEPA ke shigo da nata wasan. Ɗauke wuta ma da sauƙi, ka san ka tashi aiki. Babbar masifar ita ce wuta ta yi ƙasa: ƙwan ya dushe, haskensa ya koma ja-ja, wanda takarda ba ta ji sosai, daƙiƙa goman da ta yi daidai ɗazu yanzu ta gaza. Ga zafin ƙwan yana lanƙwasa nagetif. Takarda kuma daga waje ake kawo ta, kowace ɗaya kuɗi ce. Ni a ganina, wanda ya fitar da hoto mai kyau a wannan hali gwani ne na gaske, ko da sunansa bai kai inda na Malick Sidibé na Bamako ya kai ba, wanda aka karrama a Banis ta Italiya a 2007.

Maganin ya zo, amma a makare. A 1993 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya fito da fitilar LED shuɗiya mai haske, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da Akasaki da Amano. Kafin ta yi araha, sana'ar ta riga ta durƙushe: AgfaPhoto ya karye a 2005, shekarar da NEPA ta koma PHCN, Kodak ma ya bayyana karayarsa a 2012.

Abin sha'awa, yau mai gyaran waya zai iya haɗa kayan. Jeren LED kore da shuɗi a cikin ɗan akwati, a rufe da farar roba don hasken ya bazu daidai, a jona da batirin bolt 12. Ba zafi, ba ruwanka da wutar gari. Takardar Multigrade ta Ilford tana ba da hoto mai laushi da kore, mai kaifi da shuɗi. Agogo kuwa, ƙaramin allon Arduino ya isa ya kunna ya kashe a kan lokaci.

Saura nagetif. Duk wanda ya gaji akwatin wani tsohon mai hoto a Daura, wataƙila akwai hawan Sarki Muhammadu Bashar a ciki, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. A raba shi da laima da gara tukuna.